James Hogarth Pringle: Likitan da ya gano dabarar tsayar da zubar jinin hanta

Idan matashi ya yi haɗarin babur a hanyar Gecheme zuwa Dogon Dutsi hantarsa ta fashe, likitan tiyatar da zai karɓe shi a Doso ko Yamai zai iya ceto shi da wata dabara da ta haura shekara 100. Sunan mai dabarar James Hogarth Pringle.

An haifi Pringle a 1863 a Parramatta da ke ƙasar Ostireliya, inda mahaifinsa ke aikin likita. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Edinburgh a 1885, daga baya ya zama likitan tiyata a asibitin Glasgow Royal Infirmary.

A zamaninsa, fashewar hanta kusan hukuncin mutuwa ne, saboda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta hanta yake bi. Da an buɗe ciki sai jini ya rufe raunin.

A 1908 ya wallafa maƙala a mujallar Annals of Surgery kan majinyata takwas masu raunin hanta. Ya bayyana cewa idan aka matse jijiyoyin da ke shigar da jini hanta tsakanin babban yatsa da manuniya, zubar jinin na lafawa har likita ya ga inda zai ɗinke. Dukkan majinyatan sun rasu, amma gwajin da ya yi a kan zomaye ya nuna dabarar na aiki.

Likitocin da suka biyo bayansa sun auna yadda matsewar ke shafar zuciya. Jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, don haka wanda take turawa ma yana ɗan raguwa. Sai dai jijiyoyin jiki suna tsukewa, lamarin da ke sa awon jini ya ɗan hau maimakon ya faɗi. Idan aka saki, awon kan sauka na ɗan lokaci. Hantar kuma ba ta jure daɗewa babu jini, shi ya sa da yawa ke matsewa minti 15, su saki minti 5.

Pringle ya kuma goyi bayan mata masu karatun likitanci a Glasgow, lokacin da wasu likitoci ke ƙin koyar da su.

Ya rasu a 1941 a Killearn da ke Sikotilan. Har yau ana kiran dabarar da sunansa a ɗakunan tiyata.