Seymour Cray: Injiniyan da ya ƙera kwamfutoci mafi sauri a zamaninsa

Manomin Sukukutane ko na Dogondutsi da ke sauraren hasashen damina a rediyo, da wuya ya taɓa jin sunan Seymour Cray. Amma irin manyan kwamfutocin da ake lissafa yanayi da su, shi ne ya share musu fage.

An haifi Cray a ranar 28 ga Satumba 1925 a garin Chippewa Falls na jihar Wisconsin a Amurka. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya karanta injiniyancin lantarki da lissafi a Jami'ar Minnesota.

Sunansa ya fito ne a kamfanin Control Data, inda a 1964 ya fitar da CDC 6600, wadda ta ninka na'urar IBM mafi ƙarfi wajen sau 3 a sauri. Abin ya ƙona wa shugabannin IBM rai, domin mutum 34 kacal suka yi aikin.

Abin da Cray ya fahimta shi ne, komai saurin ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan ma'adanar bayanai tana jan ƙafa, zaman jira za ta yi, kamar mai niƙa da ba a kawo masa hatsi ba. Saboda haka ya rarraba ma'adanar gida-gida, ana ɗiba daga wannan yayin da wancan ke shiri.

A 1972 ya kafa Cray Research, a 1976 kuma ya fito da Cray-1 mai ma'adana nau'in SRAM, mai sauri amma mai tsada. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke Ingila ta samu irinta a 1978. Da ya zo kan Cray-2 a 1985, sai ya zaɓi DRAM, wadda ta fi ɗaukar kaya amma ba ta kai waccan hanzari ba. Wannan ya sa X-MP, wadda Steve Chen ya jagoranci ƙerawa a kamfanin, ta riƙa yi mata fintinkau a wasu ayyukan.

Ƙarshen tafiyar bai zo da daɗi ba. Ya zuba dukiya a Cray-3, ga Yaƙin Cacar Baka ya ƙare masu saye sun ragu, ga ƙananan ƙwaƙwale masu araha sun cika kasuwa. Sabon kamfaninsa ya karye a 1995. Ya rasu a ranar 5 ga Oktoba 1996 bayan haɗarin mota, yana da shekara 71.

Har yau Intel da AMD na fafatawa kan tambayar da ta hana shi barci: sauri za a bi ko yawa? Kwamfutar Frontier da ta zo ta ɗaya a duniya a 2022 kuwa, da sunan Cray a jikinta.