Alec Reeves: Mutumin da Ya Riga Zamaninsa Tashi

Gabatarwa

Wani dare da aka ɗauke mana wuta a ɗakin kwanan ɗalibai, na shafe awanni ina sauraren karatu ta wayata, batirin bai ko kai rabi ba. Da na yi mamaki, sai wani abokina na sashen injiniyan lantarki ya bayyana mini cewa wayar lambobi kawai take ajiyewa, kuma akwai wani ɗan ƙanƙanin sashe a cikinta da ke mayar da lambobin su koma murya ba tare da ya sha wuta sosai ba. Shi ne ya fara ambata mini sunan Alec Reeves. Na bi diddigin tarihinsa, na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Alec Harley Reeves ranar 10 ga Maris, 1902, a garin Redhill na ƙasar Ingila. Mahaifinsa masanin taswira ne. Ya yi karatun injiniya a Kwalejin Imperial da ke Landan, ya kama aiki da wani kamfanin tarho a 1923, daga baya ya koma ɗakin binciken kamfanin ITT a birnin Faris na Faransa.

Matsalar da Ta Dame Shi

A wancan zamani, murya tana bin waya ne a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da hawa da saukar magana. Idan tafiya ta yi nisa sai ta raunana, dole a ƙara mata ƙarfi a hanya. To amma duk lokacin da aka ƙarfafa muryar, an ƙarfafa ƙarar da ta shiga cikinta. Kafin magana ta isa, ta cika da shuuu.

A 1937 Reeves ya kawo dabarar da ake kira PCM. A riƙa auna muryar sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, kowane awo a ba shi lamba, a aika lambar ta hanyar kunnawa da kashewa. Na'urar da ke tsakiyar hanya ba ruwanta da kyan murya. Abin da za ta tantance kawai shi ne akwai wuta ko babu, sai ta sake aika saƙon sabo fil. A can ƙarshe kuma wata na'ura ta karɓi lambobin ta sake gina muryar. Ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a Faransa a 1938, Amurka ta ba shi tata a 1942.

Abin da Ya Hana Ruwa Gudu

A nan ne tarihin ya fi jan hankalina. Dabara ta yi, amma kayan aiki babu. Na'urorin lokacin da kwalaben bawul suke aiki, masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi kafin su motsa. Ga tsada, ga girma, ga shan wuta. Misali, na'urar sirri ta SIGSALY da Amurka ta fara amfani da ita a 1943 don tattaunawar shugabanni, wadda ta mayar da murya lambobi, nauyinta ya kai tan 50, tana shan wuta kimanin kilowat 30. Wa zai kai wannan gidan kowa?

Yaƙi da Bayansa

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Reeves ya tsere ya koma Ingila. Duk da cewa mutum ne mai ƙin yaƙi, ya shiga aikin kare ƙasarsa. Shi da Frank Jones suka ƙirƙiro Oboe, tsarin rediyo mai nuna wa jiragen yaƙi inda za su saki bam, wanda aka yi amfani da shi a kan garuruwa irin su Essen a 1943. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba: basirar da ta tsabtace murya ita ce kuma ta daidaita saitin bam.

Bayan yaƙi ya ci gaba da bincike a Ingila. A ɗakin binciken da yake jagorantar aikin sadarwa da haske, a garin Harlow, Charles Kao da George Hockham suka fitar da bincikensu na 1966 kan aika saƙo ta zaren gilashi, aikin da ya jawo wa Kao lambar Nobel a 2009.

Lokaci Ya Cim Masa

An ƙirƙiro tiranzista a 1947, ƙarama, ba ta buƙatar zafi. A 1962 aka fara amfani da PCM a layukan tarhon Amurka, ana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa. A lokacin wa'adin takardar mallakar ya riga ya ƙare. A 1963 Frank Wanlass ya ƙirƙiro tsarin CMOS, wanda kusan ba ya shan wuta sai lokacin da makunnansa ke sauya matsayi.

Na'urar mayar da lamba murya, a mafi sauƙin siffarta, jerin makunnai ce, kowane yana ba da ninki biyu na wutar na kusa da shi. Lamba ta zaɓi waɗanda za a kunna, jimlarsu ta ba da awon. Injiniyoyi na rage ƙarfin wutar da take aiki da shi, suna kashe sassan da ba sa aiki, tare da kula kada murya ta lalace. Wannan ne sirrin batirina na daren nan.

Kammalawa

Ingila ta karrama Reeves da lambar CBE a 1969. Ya rasu ranar 13 ga Oktoba, 1971, bai ga faifan CD na 1982 ba, balle wayar hannu. Shekara 25 dabararsa ta yi tana jiran kayan aiki. Ni dai na koyi cewa idan bincikenka bai sami karɓuwa yau ba, ka rubuta shi da kyau ka adana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ko da wani ne zai sha romon.