Georges Vezina, Golan da Bai Taɓa Fashi Ba

Mu da muka saba ganin hoki a fili mai ƙura, da wuya mu gane irin na Kanada. A can sanyi yakan daskarar da ruwa ya zama dandali, 'yan wasa su sa takalma masu kaifin ƙarfe suna sulɓi, suna korar wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna. Mai tsaron gida kuwa, a zamanin da muke magana, ba ya rufe fuskarsa da kome.

An haifi Georges Vezina a garin Chicoutimi, lardin Kwibek, a shekara ta 1887. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, kuma yaron ya bar makaranta yana da shekara 14 don ya taimake shi. A 1910 ƙungiyar Montreal Canadiens ta zo garinsu wasan sada zumunta, ta sha kashi. Ganin yadda ya tsare gida, sai suka ɗauke shi aiki.

Shekara 15 ya yi yana tsaron gidansu, wasa fiye da 300 a jere, bai yi fashin ko ɗaya ba. Mu malamai da ke kiran suna kowace safiya mun san nauyin wannan lissafi! Ya taimaka suka ci Kofin Stanley a 1916 da 1924. Mutum ne marar surutu, saboda sanyin ransa har aka yi masa laƙabi da Kokwamban Chicoutimi.

Amma wannan shirun ya cuce shi. A ƙarshen 1925 ya dawo aiki a rame, bai gaya wa kowa damuwarsa ba. Ran 28 ga Nuwamba ya shiga wasa da Pittsburgh da zazzaɓi a jikinsa. Da aka tafi hutu ya yi aman jini, duk da haka ya koma bakin raga, inda ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce tarin fuka ne. A ganinmu ɓoye irin wannan ciwo ba jarumtaka ba ce, ko da yake a lokacin babu maganin da ake samu yanzu a asibiti.

Kafin ya koma gida ya je ya yi sallama da abokan wasansa, ya roƙi a ba shi rigar da ya sa a wasannin Kofin Stanley. Ya rasu a Chicoutimi ran 27 ga Maris, 1926, yana da shekara 39. Masu ƙungiyar suka ba da kofi da sunansa, wanda har yau ake ba golan da ya fi kowa a gasar NHL kowace shekara.