Gwarzonmu na Wannan Mako: Jacques Cousteau, Mutumin da Ya Nuna wa Duniya Ƙarƙashin Teku

A yau, duk wanda ya je gaɓar teku a ƙasashe masu zafi zai ga ƙananan jiragen ruwa suna ɗibar 'yan yawon buɗe ido. Jagora zai ba kowa tabarau na shiga ruwa da bututun numfashi, su kwanta bisa ruwa suna kallon kifaye da duwatsun murjani. Mun bincika yadda aka yi mutane suka kamu da son wannan kallo, sai muka yi ta cin karo da sunan Bafaranshe ɗaya, Jacques Cousteau, wanda ake furta sunansa Jak Kusto.

An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a kusa da birnin Bordeaux na Faransa. Ya shiga makarantar sojan ruwa a 1930, burinsa kuwa ya zama matuƙin jirgin sama. Ana cikin haka ya yi mummunan haɗarin mota wanda ya karya masa hannuwa, burin ya wargaje. Domin hannuwan su dawo da ƙarfi, ya riƙa iyo a Bahar Rum kusa da Toulon. A nan ne, a 1936, wani abokinsa sojan ruwa, Philippe Tailliez, ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Abin da ya gani a ƙasa ya sauya masa rayuwa. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Matsalar ita ce numfashi. Mai nutso ba ya wuce 'yan mintoci sai ya taso, ko kuma ya sa kaya masu nauyi da dogon bututu daga jirgi. A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar Aqua-Lung. Mutum zai goya tulun iska a baya, na'urar kuma tana sakar masa iska ne kawai idan ya ja numfashi, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Daga nan ɗan Adam ya sami damar yawo a ƙarƙashin teku ba tare da igiya ba.

A 1950 ya sami jirgin Calypso, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yake aikin share nakiyoyi a teku, ya mayar da shi ɗakin bincike. Fim ɗinsa na 1956 kan duniyar ƙarƙashin ruwa ya ci babbar kyauta a bikin Cannes, ya kuma ci Oscar. A 1963 ya zo nan Afirka, wani wuri da ake kira Sha'ab Rumi a Bahar Maliya, kusa da gaɓar Sudan. Ya kafa gida a zurfin mita 10, mutanensa suka kwana 30 a ciki suna aiki. Har yau masu nutso na zuwa ganin ragowar ginin.

Ba za mu ɓoye laifinsa ba. A wancan fim na 1956 an ga ma'aikatansa suna fasa murjani da nakiya don su ƙirga kifayen da suka mutu, suna kuma kashe kifayen shak. Amma bai dawwama a kan haka ba. Shekarun da ya yi yana nutso sun nuna masa yadda dauɗa da kamun kifi ba ƙaƙƙautawa suke lalata teku. A 1960 ya tsaya kai da fata don hana zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, aka kuwa fasa. A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa.

Ya ga jarrabawa iri-iri. Ɗansa Philippe, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fotugal a 1979. Calypso ta nutse a tashar Singafo a 1996 bayan wani jirgi ya buge ta. Shi kansa ya mutu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Akwai labarin da ke yawo cewa ya musulunta. Ƙungiyarsa ta musanta haka tun yana raye, kuma a cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar jana'iza. Aikinmu na 'yan jarida shi ne mu tantance kafin mu yaɗa, ko da labarin ya yi mana daɗi.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma muna da rafi da kududdufi da dam, kuma mun san yawan ledar da muke jefawa ciki. Cousteau ya fara kallon ruwa don sha'awa, ya yi ɓarna, ya gane, ya ƙare rayuwarsa yana kare shi. Mu fara da kwatar da ke bayan ajinmu.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta