Mayaƙi ɗan Yakuba, wanda ya kafa Tsibiri

Ƴan uwa, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Gidan Runji ya san garin Tsibiri. To amma wa ya kafa shi? Sunanshi Mayaƙi, Sarkin Gobir.

Bari mu bi asalinshi. Kakanshi shi ne Babari, wanda ya gina birnin Alƙalawa. Babari ya haifi Bawa Jan Gwarzo, ya haifi Yakuba. Dukansu sun yi sarauta. Yakuba shi ya haifi Ali da Mayaƙi. Ke nan Mayaƙi jikan sarki ne, ɗan sarki, kuma ɗan uwan sarki.

A shekara ta 1808 mutanen Shehu Usumanu suka ci Alƙalawa, Gobirawa suka watse, suka rasa birni. A 1836 aka gwabza yaƙi a Gawakuke da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Nan Ali ya faɗi, tare da Rauda, sarkin Maraɗi. Ranar nan gidan Babari ya kusa ƙarewa.

Mayaƙi bai yarda ba. Ya tattara sauran mutanenshi, Ɗan Mari na Maraɗi ya taimaka mishi, suka zauna bakin Gulbin Maraɗi. Ga ruwa, ga fadama, ga abokan yaƙi kusa. A ganina nan ya nuna wayo, don mutum ɗaya ba ya tare Sakkwato.

Ya yi wajen shekara 20 bisa gado. Bature Barth, da ya ratso ƙasar Hausa a 1851, ya ji labarinshi ya rubuta. Har yau Sarkin Gobir yana zaune Tsibiri.