Kato Dattijo: Mutumin da Ya Dasa Tsoron Kartaji a Zuciyar Romawa

An haifi Markus Kato a garin Tuskulum kusa da Roma a shekara ta 234 kafin haihuwar Almasihu. Ɗan manomi ne, ya tashi da fartanya a hannu. Yana ɗan shekara 17 ya shiga soja, a lokacin da Hanibal, jarumin birnin Kartaji da ke ƙasar Tunisiya ta yau, yake ragargaza rundunonin Romawa a cikin Italiya. A yaƙin Kanne kaɗai, a shekara ta 216, dubban Romawa suka hallaka rana ɗaya. Wannan abu bai taɓa fita daga zuciyar Kato ba.

A shekara ta 202 aka ci Hanibal a Zama. Sharuɗɗan sulhu kuwa masu tsanani ne. Aka ƙwace giwayen yaƙin Kartaji da jiragenta, aka bar mata goma kacal. Aka ɗora mata tarar talanti 10,000 na azurfa da za ta biya cikin shekara 50, aka kuma hana ta yin yaƙi sai da izinin Roma.

Kato ya yi ta hawa har ya zama konsul, wato ɗaya daga cikin shugabanni biyu na ƙasa, a shekara ta 195. A 184 aka zaɓe shi mai ƙidayar jama'a da binciken halin manya. Ya kori waɗansu daga majalisar dattawa, ya sa haraji mai nauyi a kan kayan alatu. Kowa ya san shi da gaskiya da tsimi, ga kaifin harshe.

Ya kai wajen shekara 80 sa'ad da aka aike shi Kartaji cikin wata tawaga, domin sasanta rikicin iyaka tsakaninta da Masinisa, sarkin Numidiya. Ya tarar da gonaki masu albarka da kasuwa cike. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kato ya koma gida yana ganin arzikin nan kamar takobi ne a wuyan Roma.

Tun daga nan, kowace magana aka kawo majalisa, sai ya rufe jawabinsa da cewa lalle a rushe Kartaji. An ce wata rana ya zubar da ɗanyen ɓaure a gaban dattawa, ya shaida musu cewa ƙasar da ta ba da shi tafiyar kwana 3 ce kawai a jirgin ruwa. Wani dattijo, Sikifiyo Nasika, ya yi ta musu da shi, yana cewa a bar birnin ya zauna. Amma tsoro ya fi hujja saurin shiga kunne.

Gaskiyar magana ita ce Kartaji ba ta da rundunar ruwa, ta gama biyan tararta, ba ta ma iya kāre kanta daga Masinisa ba. Da ta gaji ta fita yaƙi da shi a shekara ta 150, aka ci ta. Roma ta ce an karya alkawari. Mutanen Kartaji suka ba da 'ya'yan manyansu 300 jingina, suka miƙa makamansu. Sai aka umarce su su bar birnin su koma nesa da teku. Suka ƙi.

Kato ya rasu a shekara ta 149 yana da shekara 85, bai ga ƙarshen abin ba. A 146 aka ƙone Kartaji, aka sayar da wajen mutum 50,000 bayi. Bayan shekara 13 kacal, Romawa suka fara zub da jinin junansu a cikin birninsu saboda rikicin rabon gonaki.

Masu karatu, Kato ba maƙaryaci ba ne, ya gaskata abin da yake faɗa. Amma duk da haka tsoronsa ya cinye birni guda. In shugaba ya nuna mana abokin gāba a ƙetare, sai mu tambaya: mene ne ainihin ƙarfinsa a yau, wace matsala ce kuma ta gida ake so mu manta?