Gautama Buda: Ɗan Manoman Shinkafa da Ya Binciki Ƙishirwa

Ni ɗan Kadawa ne, kuma gonar mahaifina tana can wutsiyar kanal. Wanda ya san noman rani a yankin Kura da Bunkure ya san abin da hakan yake nufi. Ruwa yana tasowa daga dam ɗin Tiga, ya biyo babban kanal, a rarraba shi a ƙananan hanyoyi, kafin ya iso wurinmu na gaba sun sha sun ƙoshi. A ranin da ya wuce, daidai lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki, Baba suka yi rigima da wani baffanmu da gonarsa take gaban tamu, a kan toshe ruwa da daddare. Kakansu ɗaya da Baba. Sai da aka ɗaga fartanya. Allah ya kiyaye ba a zubar da jini ba, amma har yau ba sa gaisawa, ko da sun haɗu a wurin jana'iza.

Wannan ne ya sa na zaɓi rabon ruwa tsakanin manoma a matsayin furojet ɗina na kammala difloma. Ina cikin laluben yadda wasu ƙasashe masu noman shinkafa suke sasanta irin wannan rikici, sai na ci karo da wani tsohon labari daga arewacin Indiya: dangi biyu sun fito da makamai a kan ruwan ban gona, wani mutum ya shiga tsakani. Mutumin shi ne Buda. Daga nan na bi sawun rayuwarsa.

Bari in share fage tukuna. Ni Musulmi ne, ban kuma ɗauki alƙalami don in tallata wa kowa addini ba. Yawancinmu abu biyu muka sani game da mabiya Buda: masu aske kai da ke dambe a finafinan Chana, sai kuma bala'in da ya auka wa Musulmin Rohingya a Myanmar a 2017, inda sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Amma malamanmu na da ba su tsaya a jita-jita ba. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa Al-Milal wan-Nihal. Sanin abin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suka yarda da shi ilimi ne, kuma neman ilimi muka zo.

Sunansa na yanka Siddarta, Gautama kuma sunan zuriyarsu ne. Buda laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kusa da iyaka da Indiya. An daɗe ana cewa ya rayu daga 563 zuwa 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma masana da yawa na yanzu sun fi karkata ga cewa ya rasu wajen shekara ta 400. Wurin haihuwar dai akwai shaidarsa: Sarki Ashoka ya kafa ginshiƙin dutse mai rubutu a Lumbini wajen 249 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sake gano shi a 1896.

Mutanensa ana kiran su Sakya, babban garinsu Kapilawastu, kuma manoman shinkafa ne. Sunan mahaifinsa ma, Suddodana, yana nufin tsarkakakkiyar shinkafa. Littattafan baya sun mai da shi wani ƙasaitaccen sarki, amma masana tarihi suna ganin shugaba ne a cikin majalisar dattawan ƙabilarsa. Mahaifiyarsa Maya ta rasu ranar da ya cika kwana bakwai, ƙanwarta Mahapajapati ta raine shi. Ya tashi cikin daula, ya auri Yasodara, suka haifi ɗa, Rahula.

Labarin da mabiyansa suke bayarwa shi ne mahaifin ya killace shi don kada ya ga wahala. Da ya fita gari sai ya ga tsoho tukuf, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya da natsuwa a fuskarsa. Ya fahimci cewa tsufa da ciwo da mutuwa suna jiran shi da duk wanda yake ƙauna, dukiyar gidansu ba za ta fanshi kowa ba. Yana da shekara 29 ya bar gida, ya aske kansa, ya shiga daji. A nan ni kam na daɗe ina tunanin Yasodara da jaririnta. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne daga baya ya komo garin, kuma ɗan nasa da matar da ta raine shi duk sun shiga cikin almajiransa.

Shekara shida ya yi yana nema. Ya yi karatu wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙure abin da suke koyarwa na tattara hankali, bai sami abin da yake so ba. Sai ya koma azabtar da jiki tare da abokai biyar, ya rage abinci har haƙarƙarinsa suka fito. Da ya ga yana neman halaka kansa a banza, sai ya karɓi shinkafa dafaffiya da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata. Abokan suka ce ya karaya, suka watse suka bar shi. Ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure, a wurin da yanzu ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar. A can ne, yana da shekara 35, mabiyansa suke cewa ya farka.

Ya bi abokan nan biyar har Sarnat, kusa da birnin Baranasi, ya yi musu wa'azinsa na farko. Ya fara da tsaka-tsaki: sakin jiki ga jin daɗi ɓata ne, gallaza wa jiki ma ɓata ne, shi kuwa ya ɗanɗana duka biyun. Sannan ya kawo abin da ake kira gaskiya huɗu, waɗanda aka jera kamar yadda likita yake duba majinyaci: ciwo, sanadinsa, yiwuwar warkewa, sai magani.

Ta farko, rayuwa tana tattare da dukkha. Ana fassara kalmar da wahala, amma ta haɗa har da ɗan ƙuncin nan da ke biyo bayan jin daɗi, saboda babu abin da yake dawwama. Ka tuna murnar ranar da sunanka ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka a makarantar nan. Sati nawa ta yi kafin fargabar rajista da ta ɗakin kwana su maye gurbinta?

Ta biyu, sanadin dukkha shi ne tanha, kuma ainihin ma'anar kalmar a harshen Pali ita ce ƙishirwa. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ƙishirwar jin daɗi, ƙishirwar zama wani abu, ƙishirwar rabuwa da abin da ba ka so. Ƙishirwar gona tana da iyaka, in kwami ya cika ya cika. Ta zuciya kuwa, ka ba ta buhu hamsin na shanshera, gobe ta leƙa ta ga na maƙwabci sittin ne.

Ta uku, wannan ƙishirwa tana iya yankewa. Wannan hali shi suke kira nibbana ko nirvana, asalin kalmar kuwa mutuwar wuta ce, kamar a hure fitila. Wutar da ake nufi uku ce: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu.

Ta huɗu ita ce hanyar, mai rassa takwas. Biyu na hikima ne: gyara fahimta da gyara niyya. Uku na ɗa'a ne: gyara magana, gyara aiki, da gyara hanyar neman abinci. Uku na horar da zuciya ne: ƙoƙari, lura da abin da ke gudana a jiki da zuciya a kowane lokaci, da tattara hankali wuri ɗaya. Mabiyi na gama-gari kuma yana ɗaukar alkawari biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Duba na farkon da kyau. Waɗanda suka ƙona ƙauyukan Rohingya, da masu rigar addini da suka zuga su, sun take alkawarin farko na koyarwar da suke ikirari.

Wani zai ce ai wannan duk ya yi kama da tarbiyyar da muka tashi a ciki. Ta fuskar ɗa'a akwai kama, amma a aƙida tazarar mai nisa ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Buda bai koyar da cewa akwai Mahalicci da za a bauta wa ba, bai kuma ce an aiko shi ba. Ya koyar da cewa ana mutuwa a sake haihuwa, ana ta kewayawa, kuma kamma, wato aikin da mutum ya yi da niyya, shi ke tsara inda zai faɗa. Ya kuma ce babu wani ruhi tabbatacce a cikin mutum, sai tarin abubuwa masu canzawa. Musulmi da Kirista duk ba su yarda da waɗannan ba. Shi kansa bai ce shi abin bauta ba ne, kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru da rasuwarsa aka fara sassaƙa siffarsa. Mutum-mutumin nan mai tumbi da dariya ma ba shi ba ne, wani ɗan Chana ne mai suna Budai da ya zo can baya.

Shekara 45 ya yi yana yawo a ƙafa a kwarin kogin Ganga yana koyarwa, da ƙwaryar bara a hannu, in damina ta sauka su zauna wuri ɗaya wata uku. Jama'ar almajiransa ana kiran ta Sangha, koyarwar kuma Dhamma. A ƙasar da haihuwa ke yanke wa mutum matsayi har abada, ya karɓi kowa. Upali wanzami ne, amma ya riga 'ya'yan sarautar Sakya shiga, dole suka riƙa gaishe shi a matsayin na gaba. Ko rigar almajiran, littattafansu sun ce an tsara ɗinkinta ne a kan fasalin gonakin shinkafa na ƙasar Magada, gida-gida da kunyoyi a tsakani. Duk wanda ya taɓa hangen gonakin Kadawa daga kan gadar kanal zai gane zanen.

To ga labarin da ya jawo ni. Kogin Rohini ne ya raba ƙasar Sakya da ta Koliya, kuma da madatsa ɗaya suke ban ruwa. Wata shekara ruwa ya ja baya gab da shinkafa za ta nuna. 'Yan ƙwadagon ɓangarorin biyu suka fara musu a kan wa zai sha, musu ya zama zagin iyaye da kakanni, zagi ya kai kunnen manya, aka fito da makamai. Sakya dangin mahaifinsa ne, Koliya dangin mahaifiyarsa. Da ya iso sai ya tambayi shugabannin dalilin faɗan, aka rasa mai amsa. Aka yi ta tambaya daga na sama zuwa na ƙasa, sai a bakin 'yan ƙwadago aka ji cewa ruwa ne. Sai ya nemi su faɗa masa darajar ruwan, su kuma faɗa masa darajar mutanen da za su mutu a kansa. Aka mayar da makamai. Littattafan sun ƙawata labarin da abubuwan al'ajabi, amma ƙashin bayansa ke nan. Ka lura, bai ƙara ko ɗigo ɗaya a kogin ba.

Ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80, bayan ciwon ciki da ya kama shi da ya ci abinci a gidan wani maƙeri mai suna Cunda. Kafin ya cika ya sa a kwantar wa maƙerin da hankali, kada ya zargi kansa. Bai naɗa magaji ba, ya ce koyarwar da dokokin su za su zama jagora. Almajiransa suka riƙe ta da hadda, sai a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta ta a Siri Lanka, a tarin da ake kira Tipitaka, wato kwanduna uku.

Furojet ɗina zai ƙare da shawarwarin da kuka sani: a yashe kanal, a cire kachala, a yi jadawalin ban ruwa, a ƙarfafa ƙungiyar masu amfani da ruwa. Duk suna da amfani, kuma zan kare su a gaban malamai. Amma ruwa ya dawo gonarmu tun cikin damina, an yi girbi, an sayar, gaba kuwa tana nan. Abin da ya rage tsakanin Baba da Baffa ya daina zama maganar ruwa. Addinina ya riga ya gaya mini hukuncin yanke zumunta da na ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, ba sai na je Indiya ba. Kunyar da na ji ita ce sai da na karanta tarihin wani mutum da ya mutu fiye da shekara 2,400 da suka wuce, sannan na tuna cewa ni ma rabona da gaida Baffa tun ranar da aka ɗaga fartanyar nan.

Da mun gama jarrabawa zan koma gida. Kafin in fara jiran sakamako ko neman aiki, gidan Baffa zan fara zuwa, in durƙusa in gaishe shi. Ban san abin da Baba zai ce ba.